Gurbin Taɓarya ta Huɗu

Da yayana ya ga jikinsa ya ƙi, sai ya sa aka ɗauko shi a mota tun daga birnin Kano har ƙofar gidana a Ƙafin Maiyaki, don ya roƙe ni abu guda. Shekaru masu yawa ke nan ba abin da ke haɗa ni da shi sai sallama da amsa sallama, ita ma don tsoron Allah ne, kada a rubuta ni cikin masu yanke zumunci. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya, na ajiye masa ruwa, na koma gefe na ci gaba da tsintar wakena. Ya daɗe yana kallon turmina da ke kife a gindin rumbu. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Auta, idan tawa ta zo, ki yi mini dakan gurbi."

Ban ɗaga kai ba. Na ce, "Ai kana da shi a kaset, Yaya. Sai a kunna maka."

Na san maganar ba ta dace da mara lafiya ba, kuma na yi istigfari a kanta daga baya. Amma ita ce ta fito, don ta daɗe a bakina tana jiran ranar fita. Yaran yanzu ba su san mene ne dakan gurbi ba, sai dai a cikinsu babu wanda bai san kiɗansa ba. Ɗan acaɓa na kunna shi a kan hanyar Bebeji, mai shayi na kunna shi, amare na shiga fili da shi. Wanda ya jawo haka kuwa shi ne wannan tsohon da ke zaune a tabarmata yana roƙo.

Garinmu na asali yana ƙarƙashin ruwan madatsar Tiga. Masunta kan ce idan rani ya yi tsanani ruwa ya ja baya, suna hango kan kukar da ke bakin kasuwarmu, ni dai ban taɓa yarda na je na duba ba. A can ba agogo ne ke tashin mu ba, turmi ne. Ana idar da sallar asuba sai ka ji gida ɗaya ya fara, na kusa da shi ya amsa, kafin rana ta leƙo gari duk ya ɗauka. Kakarmu, mahaifiyar Baba, tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi za ta gaya maka abin da ke faruwa a kowane gida daga ƙarar taɓarya kawai. Sai ta ce wance ta kwana da fushin miji, ji yadda take dukan turmi kamar shi ne ya yi mata laifi. Ko ta ce wance ta samu ciki, hannunta ya yi sanyi. Ba ta cika kuskure ba. Ranar biki kuwa lugude ake yi, 'yan mata huɗu a turmi ɗaya, taɓarya na sauka na tashi ba tsayawa, a cilla ta sama a tafa sau biyu a cafe, wadda ta saki tata a sha ta da dariya har mako ya zagayo. Mu surfa, mu bakace, mu wanke, mu ɓarza, mu tankaɗe, hannuwanmu duk kanta, amma ba wadda ta ce wahala take sha. Yau fa? A zuba gero a roba a miƙa wa mai inji, yarinya ta tsaya gefe tana latsa waya. Injin ya yi ta haushinsa iri ɗaya, bai san gidan biki ba, bai san gidan mutuwa ba.

Mu a garinmu turmi ya san gidan mutuwa. Ranar sadakar uku da hantsi ake daka gumbar da za a raba, gero da kayan yaji da ɗan zuma in da hali. Mata uku ne ke tsayawa, ba huɗu ba. A bar gefe ɗaya na turmin babu kowa, gefen da ke kallon ɗakin mamacin. Ta farko ta sauke, ta biyu ta sauke, ta uku ta ɗan jinkirta kamar mai waigen wani da ke tafe a baya, sannan ta sauke. Sai kuma shiru, daidai tsawon saukar taɓarya ɗaya. Wannan shirun shi ne gurbi, wurin wanda ya tafi. A cikinsa kowace mace take cewa Allah ya jiƙan rai a zuciyarta. Ba waƙa, ba tafi, ba cilla taɓarya. Mutum yana can gona ya jiyo duka uku da shiru, duka uku da shiru, sai ya ajiye fartanya ya yi salati. Ba malami ne ya koya mana ba, ban kuma taɓa jin ana yin sa a wani gari ba. Na dai san Kaka ta ce ita ma haka ta tarar.

Ranar da na fara yin sa ita ce ranarmu ta ƙarshe a garin. Tun da daɗewa ma'aikata suka zo da awo suka shafa fenti a jikin itatuwa, suka ce ruwa zai kai nan, zai wuce nan. Maza suka yi ta muhawara a kan maƙabarta, liman ya ce ƙasa ba ta cin amanar da aka ba ta, ko da ruwa a kanta ko babu. Kaka ta ce, "Haka ne, Malam. Amma mu mata sai mun yi musu sallama." Da safiyar ranar da motoci za su zo, kowane gida ya gangaro da turminsa fili, aka jera su suna fuskantar maƙabarta daga nesa. A gidanmu Kaka ce ta farko, Inna mahaifiyarmu ta biyu, matar da ta saba zama ta uku kuwa ciki ya yi mata nauyi, sai aka miƙo mini taɓarya, ni da ko azumin wata ban fara cikawa ba. Sau biyu ina yin sauri ina faɗawa cikin shirun. Kaka ta riƙe mini wuyan hannu ta ce, "Kar ki cike wurin nan. Ba naki ba ne." Daga nan na daidaita.

Ban taɓa jin abu irin na ranar ba, ba kuma zan sake ji ba. Turame ne fiye da yadda zan iya ƙirgawa, duk suna sauka tare, duk suna yin shiru tare. Idan shirun ya zo sai ka ji kukan kurciya daga kan tsamiya, ka ji gudun rafi, ka ji wata tsohuwa ta ja majina. Maza suna tsaye daga nesa sun cire hankalinsu daga kayan da suke ɗaurewa. Baba, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, ya juya mana baya yana gyara igiyar da ba ta buƙatar gyara. A cikin wannan hali idona ya faɗa kan Yaya. Yana zaune a kan ƙullin kayanmu, saurayi ne lokacin, gemu ya fara tsiro. Kowa na kuka, shi yatsunsa ne ke tafiya a kan gwiwarsa. Ƙirga yake yi. A lokacin na ɗauka tasbihi ne.

Mu ba gidan makaɗa ba ne, manoma ne kaka da kakanni. Amma shi tun yana ƙarami ba abin da ya tsira daga hannunsa, ƙwaryar Inna, gwangwanin kananzir, butar alwalar Baba, har bayana idan na kwanta. Ya sha duka a kan haka bai daina ba. Da aka kai mu sabon matsuguni wajen Bebeji, gidaje a jere kamar haƙoran mataji, ƙasar duk tsakuwa, mazan da ba su taɓa taka kwalekwale ba suka koma koyon jefa koma, wasu suka kama noman rani. Yaya ya ce shi ba zai yi ƙarnin kifi ba. Wata safiya ya haye motar da ke kai kifi Kano, bai dawo ba sai labarinsa. Aka ce yana wanke kofuna a wani otal a Sabon Gari. Aka ce ya shiga cikin masu kiɗan otal ɗin. Baba ya hana a ambaci sunansa a kan abinci, Inna kuwa kullum sai ta ɗebi tuwo ta rufe a akushi ta ajiye, da safe a ɗumama mana shi.

Ni Allah ya yi mini rabon karatu, aka kai ni sakandaren 'yan mata ta kwana. Wata ranar hutu ina bakin ƙofar makaranta da akwatina sai ga shi cikin kwat da wando, da wani ɗan ƙyalle a wuya kamar malam buɗe littafi, yana ƙamshin turare. Wallahi na yi murna, ba zan ɓoye ba. Shi ne ya riƙa goya ni ya tsallakar da ni rafi muna yara. Ya ce kafin ya sa ni a mota sai na ga wurin aikinsa. Bayan azahar ne, babu kowa, an kife kujeru a kan tebura, wurin na wani tsamin wari da a lokacin ban san na mene ne ba. Abokan aikinsa mutanen Gana ne da na kudu, suna riƙe da ƙahonin tagulla masu sheƙi, gwaji suke yi. Kiɗan nasu suna kiransa suwin, na rawar turawa ne, mace da namiji riƙe da juna. Yaya ya zauna a bayan wasu ganguna da faya-fayan ƙarfe, ya ɗauki sanduna biyu, ya kashe mini ido. Ya buga ɗaya, ya buga biyu, ya ɗan ja na ukun kamar mai waige, ya sauke. A inda shiru ya kamata ya zo, sai ƙahonin nan suka kwarma ihu gaba ɗaya.

Tsohon da ke shugabantarsu ya yi ta jinjina masa, yana cewa da gurɓatacciyar Hausa wannan yaro ya zo musu da abin da ba a koyarwa. Ni kuwa ina zaune da kwalbar lemo a hannu, sai na duba ƙasa na ga ƙafata tana motsi. Ƙafata, wadda ta tsaya a gaban maƙabarta. Yaya ma ya gani. Da suka tsaya ya zo yana share gumi ya ce, "Kin gane shi?"

Na ce, "Na gane."

Ya ce, "Ya yi daɗi ko bai yi ba?"

Na kurɓi lemo na kau da kai. Na koma gida ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa Kaka ba. Na ce a raina abin yana can cikin otal, wa zai ji shi a cikinmu? Wannan shirun nawa har yau ina neman gafara a kansa. Da na buɗe baki ranar, Kaka na da rai, kuma ita kaɗai yake jin tsoro.

Zamani ya juya. Kaset ya zo, masu otal suka ga ba sai sun ciyar da mutum goma ba alhali akwati ɗaya zai yi musu kiɗa. Abokansa suka watse, kowa ya nufi ƙasarsu, aka sayar da ƙahonin. Yaya ya yi shekaru yana gyaran rediyo a wata rumfa, ya yi aure, ya fara zuwa gida da salla, har Baba ya sauko kafin rasuwarsa. Na ce alhamdu lillahi, Allah ya shirye shi. Ashe da saura. Samari suka fara shirya finafinan Hausa, suna neman wanda ya san kan kiɗa, aka nuna musu shi. Ya koyi fiyano, irin wadda ganguna da sarewa da ƙaho duk suna cikin cikinta, ya shige wani ɗaki da aka liƙe bangonsa da katifa, ya saƙala abin ji a kunne, shi ke nan. Ba zan zalunce shi ba, Allah ya ba shi. Idan za a nuna uwa ta rabu da ɗanta, ya san sautin da zai sa a ƙasa ka ji maƙogwaronka ya toshe tun kafin ta buɗe baki. Idan mugu zai shigo, tun yana bayan ƙofa gabanka zai faɗi. Masu fim suka riƙa layi a ƙofarsa, suna kiransa Baba, suna cewa duk fim ɗin da bai sa wa hannu ba miya ce ba gishiri. Ya rufa wa Inna ɗaki da kwano, ya kai ta Makka. Duk na sani, ba sai an tuna mini ba. Amma mutumin da ya san sautin da ke sa mutane kuka fiye da kowa, shi ne ya ɗauki kukan garinsu ya sa a wurin rawa. Wannan ba rashin sani ba ne.

A wani fim ne na soyayya, saurayi da budurwa suna zagaye bishiya a cikin lambu. Duka uku, na ukun da ɗan jinkirinsa, sannan a gurbin ya sa tafi, tafin 'yan mata mai ƙara, raf! Waƙar ta kama gari kamar wutar daji. Ba otal ba ne yanzu da zan ce wa zai ji. Ta biyo mu har tsakar gida.

Inna ta tsufa lokacin, idanunta sun yi hazo, yawanci tana kan dardumarta da carbi. Wata rana bayan la'asar na je duba ta, ana biki a maƙwabta, sun ɗauko manyan sifiku. Ina tankaɗe mata garin kunu sai suka saki kiɗan. Na ga carbin ya tsaya a hannunta. Ta karkata kunne. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Auta, wa ya rasu?" Ta fara laluben mayafinta za ta tafi gaisuwa.

Na ce, "Ba kowa, Inna. Biki ake yi."

Ta ce, "Biki? Da dakan gurbi?" Ta sake saurarawa. Tafin nan ya faɗo a wurin shiru, mata suka rangaɗa guɗa. Mayafin na kan cinyarta tana murza bakinsa. Can ta ce a hankali, "Hannun yayanki ne wannan. Shi kaɗai ke jan na ukun haka, irin yadda kakarku ta koyar." Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Da ya zo da salla ta sa masa albarka kamar kullum. Amma daga ranar, duk lokacin da aka kunna kiɗan a unguwa sai ta sa yatsu ta toshe kunnuwanta, tsohuwa mai jikoki, kamar yarinyar da ke tsoron tsawa.

Da ta rasu, ranar uku muka fito da turmi. Goggo, ƙanwar Baba, ita ce ta farko. Ta biyu aminiyata ce ta tun tsohon gari, wadda ke aure a Burumburum. Ni ce ta uku. Muka bar gefen ɗakin Inna. Ɗana na fari ya riga ya yi mini wa'azi da safe cewa wannan gumbar ba ta da asali a addini, na ce na ji, Allah ya ƙara ilimi, matsa mini in wuce. Irin wannan maganar mun daɗe muna jin ta, ba ita ta kashe dakan gurbi ba. Muka fara. Ɗaya, biyu, uku, shiru. Ɗaya, biyu, uku, shiru. Na fara jin Inna a cikin shirun, wallahi kamar in na waiga zan gan ta. 'Yan matan dangi suna bakin rijiya suna wanke kwanukan sadaka. A zagaye na biyar ko na shida, sai ji muka yi raf! Wata ta tafa a cikin gurbin. Ba da mugunta ta yi ba, hannunta ne ya tafi da kansa. Ta kusa da ita ta ɗauki waƙar a ƙasan maƙoshi, wata ta karkaɗa kafaɗa, sai dariya ta kubce musu suna toshe baki da mayafi.

Goggo ta jingine taɓaryarta a bango. Ta ce, "An gama. Ku kwashe ku kai inji."

Yaya yana zaure yana karɓar gaisuwa, ya ji dakan ya tsaya, ya shigo. Ya dubi yaran, ya dube mu, ya gane. Ya ce, "Haba Goggo, yara ne, ba su sani ba."

Na ce, "Wa ya koya musu?"

Ya ce, "Auta, ki tsaya ki ji. Garin nan ya nutse. Turamen sun ruɓe. Ku nawa kuka rage da kuka iya shi? Ni na tsamo abin nan daga cikin ruwa. Yanzu har ƙasashen waje ana jin sa."

Na ce, "Ana jin sa ana karkaɗa ƙugu."

"Kiɗa ai ba shi da mai shi."

Goggo ta juyo ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta ce, "Kiɗan ka ɗauka mun hana ka? Ka ɗauki duka ukun ka je ka ci abinci, Allah ya sa albarka. Shirun fa? Wuri ɗaya tak muka bar wa matattunmu, kai ka zuba 'yan rawa a ciki. Yau ga uwarka ta zo ta tarar babu wurin tsayawa."

Ya cire hula ya mayar, ya koma zaure. Gumbar Inna a inji aka niƙa ta, ta fito da ɗumin ƙarfe da warin man inji, ko loma ban iya kaiwa baki ba. Tun daga ranar ba a sake dakan gurbi a cikin mutanenmu ba. Wa zai fito da turmi a yi wa gawarsa tafi? Ruwa ya ci gidajenmu da gonakinmu da kaburburanmu, mun ce ƙaddara ce, mun haƙura. Abu guda da muka ɗauko a hannu muka tsallake da shi, ɗan gida ne ya ƙwace.

Shi ya sa da ya zauna a tabarmata yana roƙo na ba shi amsar da na ba shi. Ya yi murmushin da ba na jin daɗi ba. Kunnuwansa sun yi nauyi, sai ya karkato yake ji. Ya ce, "Na cancanci fiye da haka. Amma bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Na manta yadda yake babu komai a wurin. Idan na rufe ido na buga ukun nan a raina, sai ƙaho ya shigo, ko tafi. Na yi na yi in bar wurin haka nan, ya ƙi. Har a cikin salla yake bi na, Auta. Na yi wa mutane kiɗan kuka shekara da shekaru, ni na rasa wanda zan yi kuka da shi."

Zuciyata ta motsa, ba zan ƙaryata ba, amma na danne ta. Na ce, "Allah ya ba ka lafiya, Yaya." Ban yi masa alkawari ba. Aka kama shi aka sa a mota. Bai ga damina ta gaba ba.

A Kano aka binne shi, amma sadakar uku a gidanmu na wajen Bebeji aka yi. Kwana biyun nan ban runtsa da daɗi ba. Goggo ta daɗe da rasuwa. A duk waɗanda suka iya dakan, ni da aminiyata kaɗai muka rage. Na hau acaɓa har Burumburum na same ta tana shanya kuɓewa. Tun kafin in gama magana ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Ke dai kin cika sanyin zuciya. Wallahi taɓaryata ba za ta sauka don shi ba. Uwata a inji aka niƙa gumbarta, mijina a inji, duk saboda wa? A kira masu tafin su yi masa."

Na ce, "Ya roƙa fa."

Ta ce, "Ya roƙi Allah, shi ne mai yafe irin wannan. Zauna ki sha fura, rana ta yi."

Ban ga laifinta ba, don bakina ta ara. A hanyar dawowa ina bayan babur ina ta jujjuya abin. Na tuna Inna da yatsu a kunne, na ce a bar shi ya tafi haka. Sai kuma na tuna wata yarinya da kwalbar lemo a hannu, ƙafarta na motsi. Shi ya buga, amma ni ma na ji daɗin, na kuma yi shiru.

Da hantsin ranar uku gidan ya cika da mutanen fim, manyan motoci a ƙofa, baƙaƙen tabarau, turare har ya fi ƙarfin hayaƙin murhu. Suna ta cewa an yi babban rashi, ba za a sake irinsa ba. Na ce a raina, Allah ya sa. Na sa aka gangaro da turmin Inna daga bayan ɗaki, na wanke shi, na zuba gero. Wani saurayi mai askin banza ya matso yana ɗaga waya. Ya ce, "Hajiya, bari in ɗauka, ai wannan tarihi ne. Baba ya sha gaya mana daga nan ya samo."

Na ce, "Ɗana, mayar da ita aljihu, ko in haɗa ta da geron."

Ya mayar.

Na tsaya a wurina na ta uku, inda Kaka ta tsayar da ni. Babu kowa a dama, babu kowa a hagu, babu kowa a gaba. Na ƙirga a zuci. Saukar Kaka, shiru. Saukar Inna, shiru. Na ɗan jinkirta, na sauke tawa. Sannan nasa gurbin, na ce Allah ya jiƙan rai. Na sake. Shiru, shiru, duka, shiru. Taɓaryar ta yi mini nauyi, kafaɗuna suna ƙara, gumi na shiga mini ido. Ta gefen ido na hango wata yarinya ta ɗaga hannuwa, ta ji kamar ta san abin, tana neman inda za ta tafa. Ta nema ta rasa. Ta sauke hannuwanta a cinya. Duka ɗaya a cikin shiru uku ba ya rawuwa. Tsakar gidan ta yi tsit, har na jiyo kurciya a kan darbejiyar maƙwabta. Ban tsaya ba sai da geron ya daku, na cuccura gumbar da hannuna aka raba.

Abin da ya yi mini na yafe masa, duniya da lahira, Allah ya haskaka kabarinsa. Na Inna kuwa ba nawa ba ne balle in yafe. Suna can tare, sai ya roƙe ta da bakinsa.

Turmin na sa an mayar da shi bayan ɗaki an kife. Na kuma tara 'ya'yana na gaya musu tun ina da sauran numfashi, kada su wahalar da kowa: ranar tawa, a kai geron inji.